Makon Ƙarshe Na Baƙi Masu Ba Da Shawara

'Yan'uwa manoma, darasinmu na wannan karo a kan baƙi ne. Tun wajen shekara 20 da suka wuce waɗansu manyan kamfanoni na ƙasashen waje suka ɗauki wata al'ada. Sukan zaɓi waɗansu daga cikin ma'aikatansu, su haɗa su ayari guda, su aike su wata ƙasa su yi aikin sa kai na ɗan lokaci. Ba su zuwa da kuɗi ko taki ko tarakta. Sanin aikinsu suke kawowa. Wani akanta ne, wata ta san harkar ciniki, wani kuma kwamfuta ce sana'arsa. Sukan zauna da wata ƙungiya ko ofishi ko asibiti, su duba yadda ake tafiyar da aiki, su ba da shawara, sa'an nan su koma gida.

Kamfanin magunguna na Pfizer ya fara irin wannan a 2003, yana aika mutanensa wajen ƙungiyoyin kiwon lafiya. Amma misalin da ya fi shahara shi ne na IBM, kamfanin kwamfuta na Amurka, wanda a 2008 ya fara aika ayarori a ƙarƙashin wani shiri mai suna Corporate Service Corps. A shekarar farko ma'aikata fiye da 5,000 suka nema, aka ɗauki 100. Ghana da Tanzaniya suna cikin ƙasashen da aka fara zuwa, tare da Romaniya da Filifin da Biyetnam. A 2009 ayari ya zo Nijeriya, ya sauka Kalaba, ya yi aiki da gwamnatin Jihar Kuros Riba a kan shirinta na kula da lafiyar mata masu ciki da ƙananan yara. A wancan lokaci ayari ɗaya yakan ƙunshi mutum 8 zuwa 15 daga ƙasashe dabam dabam. Sukan yi wata 3 suna shiri tun suna gida, wata 1 a ƙasar da aka aike su, wata 2 kuma bayan sun koma suna ba da labarin abin da suka koyo. Da sun iso akan raba su uku uku ko huɗu huɗu, kowane rukuni da masu masaukinsa. Akwai kuma wani shiri makamancin wannan da ya fi kusa da manoma, watau Farmer-to-Farmer, wanda majalisar Amurka ta kafa a cikin dokar noma ta 1985. Shi manoma da masana ya riƙa aikawa na mako 2 zuwa 4, har da Nijeriya ta hannun ƙungiyar Winrock International.

Dattawa a cikinku za su tuna da 'yan Peace Corps, shirin da Shugaba Kennedy ya kafa a 1961, waɗanda suka koyar a makarantunmu. Su shekara 2 suke yi, har su ji harshe, su ga damina biyu. Na kamfani kuwa mako 4 ne duka duka. Makon farko yakan tafi a gaisuwa da tambaya da gajiyar hanya. Na biyu da na uku su ne na aiki. Na huɗu shi ne na miƙa aiki da ban kwana, shi ne kuwa abin da za mu duba, gama ko da wane suna baƙin suka zo wa ƙungiyarku, a wannan mako ne ake sanin ko wahalar wata guda za ta zauna a hannunku ko za ta hau jirgi tare da su.

Kunya biyu

Bari mu fara da halin da baƙin suke ciki. A makon ƙarshe sun gaji. Da rana suna wurinku, da dare suna masauki suna rubuta rahoto. An riga an sa ranar da za su tsaya gaban manyan mutane su faɗi abin da suka yi, kowane rukuni kuma ba ya so a ce nasa aikin ya kasa na sauran. Saboda haka in akwai abin da ba su gama ba, da wuya su fito fili su ce ba su gama ba. Sai su sa shi a shafin ƙarshe da sunan aikin da za a ci gaba da shi.

Ku kuma masu masauki kuna da taku kunyar. Mutum ya bar iyalinsa, ya ƙetare teku domin ku, ba ku biya shi ko kwabo ba. Yaya za ku dube shi ku ce ba ku gane ba, balle ku ce shawararsa ba za ta yiwu ba? Sai ma'aji ya gyaɗa kai, magatakarda ya ce madalla. Baƙo ya ɗauka an gane, ya tafi da farin ciki. Bayan wata shida rahoton yana kan kanta, gara tana cinsa.

Abin da zai rage muku wannan kunya shi ne ku san cewa kamfanin ma yana da tasa riba. IBM bai ɓoye ba. Ya faɗa a fili cewa shirin yana amfanar jama'ar da aka je wa, yana horad da ma'aikatan su zama shugabanni, yana kuma sa kamfanin ya san sababbin kasuwanni. Watau ku ma malamai ne a wannan wata, sitonku da littattafanku su ne ajin. Tun da haka ne, tambaya haƙƙinku ce. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Ku fara tun ƙarshen mako na uku

Kafin baƙi su iso akan rubuta takarda da ta faɗi aikin da za su yi. Kada ku jira ranar ban kwana. Tun ran Jumma'ar mako na uku shugaba ya fito da ita, a karanta a gaban kwamiti da baƙin, layi layi. Wannan an yi, wannan an fara, wannan ba a taɓa ba. Ba laifi ba ne in an sake hanya a tsakiya, gama sau da yawa abin da aka rubuta daga nesa ba shi ne ainihin ciwon ba. Amma a faɗa, a kuma yanke abin da za a ƙarasa cikin kwana biyar da suka rage. Abu ɗaya da aka gama ya fi biyar da aka fara.

A ranar kuma ku roƙi a ba ku rahoton tun yana ɗanye, kafin a buga shi. Irin waɗannan rahotanni sukan zo da Turanci mai nauyi da shawarwari masu yawa. Ku nemi a fitar da gajere, shafi biyu, wani daga cikinku ya juya shi da Hausa ko da harshen da kuke taro da shi, baƙin suna zaune domin a tambaye su ma'anar kowace kalma. Wurin juyawar ne ake gane abin da ba a gane ba.

Auna shawara da shekarar manomi

Wannan sashe shi ne zuciyar darasin, sai ku lura da kyau. Baƙonku ya san aikinsa, amma wata ɗaya kaɗai ya gani daga cikin goma sha biyu. Wanda ya zo a Nuwamba ya ga buhuna jibge, hanya a bushe, kasuwa cike. Bai ga Agusta ba, sa'ad da rumbu ya yi ƙasa, rafi ya yanke hanya, kowa yana gona ba mai zuwa taro. Wanda ya zo a Agusta kuma bai ga yadda 'yan kasuwa suke shigowa ƙauye da kuɗi a hannu lokacin kaka ba. Ku ne kuka san sauran wata goma sha ɗaya, tilas kuwa ku zuba su a cikin shawarar kafin ya tafi.

A ce ayarin ya duba littattafanku ya ga kuna sayad da wake da kaka, lokacin da ya fi araha. Sai suka ba da shawara ƙungiya ta tara waken membobi, ta ajiye, ta sayar gab da damina sa'ad da ya yi tsada. Shawara ce mai kyau, lissafinta kuma daidai ne a takarda. To, amma me ya sa manomi yake sayarwa da kaka? Ai ya san farashi zai tashi. Kuɗin makaranta ne ya matso, ga bashin taki, ga hidimar Kirsimeti, ga biki. In ƙungiya ba ta da abin da za ta ba shi ya riƙe a ranar da ya kawo wakensa, ba zai kawo ba, ko ya kawo zai dawo bayan mako biyu ya ce a ba shi kayansa. Daga ina kuɗin nan zai fito? Daga asusun ƙungiya, ko daga adashi, ko rance? In rance ne, ruwansa nawa, ribar da ake tsammani za ta rufe shi? Wa zai riƙe mabuɗin sito? In farashi bai tashi ba, ko ya faɗi, gama yakan faru, wa zai ɗauki asarar? Ƙwari fa? Waɗannan tambayoyi ku yi su a ranar Litinin ko Talata ta makon ƙarshe, lokacin da akantan nan yake nan zai iya sake lissafin da ku. In kun bari sai ya koma, kun yi sake.

Haka za ku yi da kowace shawara. Wa zai yi ta, da suna? A wane wata? Nawa za ta ci, daga wane aljihu? Wadda ba ta sami amsa ba a ajiye ta gefe, ba a jefar ba. A ganina ƙungiyar ƙauye da ta ɗauki shawara fiye da uku a shekara ɗaya tana ruɗin kanta ne. Ku zaɓi ukun da kanku. Ɗaya daga ciki ta zama wadda ba ta bukatar kuɗi, wadda za a iya farawa a mako mai zuwa, kamar rubuta rasit ga kowane buhu da ya shiga sito, domin membobi su ga an motsa.

Kada kwamiti ya yi wannan zaɓi shi kaɗai. Mata su ne suke sussuka da sheƙa da ajiya, da yawa daga cikin ƙananan rance kuma su suke karɓa su biya. Sau da yawa tambayar da za ta ceci shirin tana bakin wata mace da ba a kira ta ba.

Baƙo ya naɗe hannu

Gani ya kori ji, yi kuma ya fi gani. Ku tuna yadda buhun ajiyar wake na PICS ya bazu. Masana na Jami'ar Purdue ta Amurka tare da abokan aikinsu na Kamaru ne suka gano dabarar, leda biyu a ciki, buhu ɗaya a waje, a ɗaure kowanne dabam, iska ta ƙare wa ƙwari su mutu ba tare da magani ba. Sa'ad da aka fara yaɗa shi a ƙasashen Afirka ta Yamma daga 2007, ba a tsaya ga raba takardu ba. An shiga ƙauyuka, manoma suka zuba nasu waken suka ɗaure da hannunsu, aka bar buhunan a garin, bayan watanni aka taru aka kwance a gaban kowa.

Haka ya kamata kwana biyu na makon ƙarshe su kasance. In baƙin sun tsara muku sabuwar hanyar rubuta kuɗin shiga da fita, sai su zauna su naɗe hannu, ma'aji ya ɗauki rasit na gaske na watan da ya wuce ya shigar da su daga farko har ƙarshe, ya fitar da abin da ya rage a asusu. In ya kakare, kada baƙo ya karɓi alƙalami. Ya nuna da baki, ma'aji ya sake. Wurin da ya kakare sau biyu, a sauƙaƙa tsarin, gama laifin tsarin ne. A kuma koya wa mutum biyu aƙalla. Saurayin nan mai kaifin kai da baƙi suka fi jin daɗin aiki da shi domin yana jin Turanci, shi ne wanda ya fi kusa da samun aiki a birni.

In aikin a kwamfuta ko a waya aka yi shi, akwai ƙananan abubuwa da sukan kashe shi shiru. Da sunan wa aka buɗe? Lambar wayar wa aka sa? In ta baƙo ce, ko ta direban da ya kawo su, a sake ta tun suna nan. Kalmar sirri a rubuta ta, a sa cikin ambulan, shugaba da ma'aji su san inda take. A tambaya ko akwai kuɗin da za a riƙa biya kowane wata ko kowace shekara, da ko abin yana aiki in babu intanet. Ko da yaya, a buga kome a takarda, littafin kuɗi na hannu kuma kada a yar da shi sai sabon ya yi shekara yana tafiya.

Ku ƙirga littattafai da takardun da kuka ba su aro, su dawo duka. Ku tambaye su kuma abin da za su tafi da shi na sunayen membobi da bashin da ake binsu da hotunansu. Bashin mutum asirinsa ne. Nijeriya ta yi dokar kare bayanan mutane a 2023, kamfanonin nan kuma sun san irin waɗannan dokoki tun a ƙasashensu, don haka ba za su ji haushi ba in kun ce a share sunaye, ko kun ce kada a buga hoton wance sai da izninta.

Ranar taro

Akan rufe aikin da taro, inda kowane rukuni yake nuna abin da ya yi a gaban shugabanni da waɗanda suka shirya zuwan. Ku roƙi alfarma ɗaya. Baƙi su faɗi abin da suka gani, amma abu ukun nan da za a yi, shugabanku ko magatakarda ne zai tashi ya faɗe su, da sunan mai yi da watan yi. Abin da mutum ya faɗa da bakinsa a gaban jama'a ba ya saurin mantawa da shi.

Akwai wata magana kuma da lalle a faɗe ta a gaban membobi, daga bakin baƙin, a fassara. Ita ce cewa ba su kawo kuɗi ba, ba su kuma bar wa kowa kuɗi ba. Kada ku raina wannan. Mutanen gari sun ga mota tana zuwa kullum, sun ga baƙi suna shiga ofis da shugaba da ma'aji suna rufe ƙofa. In aka yi shiru, kafin wata ya zagayo za a fara cewa an ba da dala an cinye. Zargi irin wannan yana iya watsa ƙungiyar da fari bai watsa ba, shugaba mai gaskiya kuwa ba shi da hanyar wanke kansa bayan shaidunsa sun hau jirgi.

Ƙungiyar da ta haɗa ku da kamfanin takan kawo takarda ku faɗi yadda kuka ga aikin. Kada ku cika ta da yabo kawai. In sun zo lokacin shuka ba ku sami sukunin zama da su ba, ku rubuta. In tafinta ake bukata ba a kawo ba, ku rubuta. Wata ƙungiyar manoma ce a wani gari za ta ci amfanin gaskiyarku.

Alkawarin rabuwa

Ran rabuwa zuciya takan yi taushi. Mutanen nan sun ci abincinku, sun san sunayen 'ya'yanku. Za su ce za su riƙa bugo waya, wani ma ya ce zai dawo, da zuciya ɗaya kuwa suke faɗa. Amma ran Litinin kowannensu yana kan teburinsa, ɗaya a Indiya, ɗaya a Brazil, ɗaya a Jamus, aikin wata guda yana jiransa. Baƙo raɓa ne, ɗan gari kaba. Ko shirye-shiryen kansu ba su da tabbas. A 2020 annobar korona ta tsai da tafiye-tafiye irin waɗannan. A 2025 gwamnatin Amurka ta rufe hukumar USAID, wadda ta hannunta ake tafiyar da Farmer-to-Farmer.

Saboda haka ku mai da alkawarin ƙarami, wanda za a iya cikawa. Mutum ɗaya daga ayarin, mutum ɗaya daga ƙungiya, rana ɗaya da aka sa bayan wata uku, da abin da za a duba a ranar. Abin da ya fi wannan amfani shi ne, tun suna nan, ku sa su zauna da wanda zai kasance kusa da ku bayansu, ko malamin gona, ko jami'in ƙungiyoyin gama kai na ƙaramar hukuma, ko wani akawu a garinku da ya yi ritaya. Shi ma a ba shi kofen rahoton, a bi da shi cikin lissafin.

Game da kyauta, kada a taɓa asusun ƙungiya. Kamfanoni da yawa suna da doka a kan kyautar da ma'aikacinsu zai iya karɓa, mai tsada takan jefa shi cikin damuwa. Hula, ko ƙwarya mai zane, ko ɗan yadi ya isa. Kilishi kuwa a ci shi a nan, gama Amurka da ƙasashen Tarayyar Turai ba su yarda matafiyi ya shiga da nama daga ƙasarmu ba, a filin jirgi za a karɓe. Kada kuma wani ya ja baƙo gefe ya roƙe shi biza ko kuɗin makaranta. Ba shi da iko a kan biza, roƙon kuma yakan sa ya ji nauyin ɗaukar waya in magatakardanku ya bugo da tambayar aiki. Daren ƙarshe ku bar musu. Su ma wata guda suka yi suna ci tare, mai yiwuwa kuwa ba za su ƙara haɗuwa ba.

Kada mako biyu su wuce bayan tafiyarsu ba ku kira taron membobi duka ba. A karanta shafi biyun nan, a manna su a bangon sito, a sa su cikin abin da za a riƙa dubawa a kowane taron wata.

Abin tattaunawa a taronku

1. Akwai wani rahoto ko takardar shawara da wani baƙo ko jami'i ya taɓa bar wa ƙungiyarku? Ku nemo ta, ku karanta. Me aka yi daga ciki, me ya hana sauran?

2. In ma'ajinku ya yi tafiya gobe, wa zai iya buɗe littafin kuɗi ya faɗa muku abin da ke asusu?

3. Ku ɗauki misalin waken nan ku yi lissafinsa da farashin kasuwarku na bara, na kaka da na gab da damina. Nawa ƙungiya za ta bukata a hannu kafin ta karɓi buhu 20?